Darasi: Lissafin Kai Yaro Jami'a, Daga Zaɓen Darussa Zuwa Rancen Karatu

Darasinmu na yau ya shafi wani jari ne da kusan kowane magidanci yake zubawa, amma kaɗan ne suke buɗe masa littafin lissafi kamar yadda suke buɗe wa kayan shago, watau karatun yaro daga babbar sakandare zuwa jami'a. Yawancin iyaye sun ɗauka nauyin da ke kansu shi ne su biya kuɗin jarrabawa idan lokaci ya yi, sauran kuma aikin malamai ne. In aka bi lissafin a tsanake za a tarar kuɗin jarrabawa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake kashewa. Abin da ya fi cin dukiya shi ne shekarar da yaro zai yi zaune a gida saboda kuskuren da aka yi wajen zaɓen darussa ko cike takarda.

Ƙofa ta farko ita ce jarrabawar kammala sakandare. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999 da hedkwata a Minna, su ne manyan masu shirya ta. Akwai kuma NABTEB ta ɗaliban fasaha da kasuwanci, da NBAIS ta ɗaliban Larabci da ilmin addinin Musulunci. Ana jera sakamako daga A1 zuwa F9, kuma abin da ake kira kiredit shi ne daga C6 zuwa sama. Sharaɗin shiga jami'a shi ne kiredit 5 a darussan da suka dace da fannin da ake nema, a zama ɗaya ko biyu, ko da yake jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu ga mai neman aikin likita. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da sassauta sharaɗin kiredit a Lissafi ga masu neman fannonin adabi da harsuna da makamantansu. Amma mai son ɗansa ya karanta akanta ko tattalin arziki, kamar yadda 'yan kasuwa da yawa suke so, ya sani wannan sassauci bai shafe shi ba: Turanci da Lissafi suna nan daram a kansa.

A kula da kalmar nan ta "darussan da suka dace", domin a nan ne asara take fara ƙulluwa, tun shekara uku kafin a gan ta. A ajin farko na babbar sakandare ake raba yara zuwa ɓangaren kimiyya, da na adabi, da na kasuwanci. Yaron da bai yi Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ba ya rufe wa kansa ƙofar aikin likita, ko da ya kwashe A1 a duk sauran darussa. Mai son aikin injiniya sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin lauya kuwa jami'o'i da yawa suna neman Adabin Turanci a wurinsa, darasin da yara suke gudu saboda yawan karatun littattafai. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a sa malamin ba da shawara a makarantun sakandare domin irin wannan aiki, to amma a makarantu da dama ko dai babu shi, ko kuwa an ɗora masa koyarwa har ba ya da lokacin zama da yara. Saboda haka yaro ɗan shekara 14 ko 15 yakan bi abokinsa ne kawai zuwa ajin da ya shiga. Babu ɗan kasuwar da zai yarda yaron shagonsa ya zaɓi kayan da za a saro na shekara uku shi kaɗai, amma ga shi ana barin wannan zaɓi mai nauyi a hannun yara. Ya kamata uba ya taka da ƙafarsa zuwa makaranta a wannan aji, ya zauna da shugaban makaranta ko malamin aji, a duba sakamakon yaron na ƙaramar sakandare, a ji abin da yaron yake so, sa'an nan a gwada da kundin da hukumar JAMB take fitarwa mai bayyana darussan da kowane fanni yake bukata a kowace jami'a.

Ƙofa ta biyu ita ce ta JAMB ɗin, hukumar da aka kafa a 1978 domin daidaita ɗaukar ɗalibai. Jarrabawarta ta UTME darussa 4 ce, Turanci dole, sauran 3 kuma gwargwadon fannin da ake nema, jimlar maki 400. Tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta baki ɗaya, don haka yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa ya shiga da rauni, komai ƙoƙarinsa. A 2025 ɗalibai kimanin miliyan 1 da dubu 950 suka zauna, kuma a sakamakon farko fiye da miliyan 1 da rabi ba su kai maki 200 ba. Daga baya shugaban hukumar, Farfesa Is'haq Oloyede, ya amsa cewa an sami matsalar na'ura, aka sake wa kimanin ɗalibai dubu 380 jarrabawa a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. A wannan shekarar mafi ƙarancin makin da aka amince da shi shi ne 150 ga jami'o'i, da 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na horon malamai.

Kada wannan adadi na 150 ya ruɗi kowa. Farashin buɗe ciniki ne, ba a nan ake sallamawa ba. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma yana da nasa gwargwadon yawan masu nema da ƙarancin gurabe, daidai da yadda farashin kaya yake tashi idan masu saye sun fi kayan yawa. Likitanci da lauya da harhaɗa magunguna da aikin jinya su ne kayan da ake rububi. Makin da ba zai kai yaro ko bakin ƙofar likitanci a Jami'ar Ibadan ko ta Legas ba yana iya ba shi gurbi mai kyau a fannin noma ko koyar da kimiyya a wata jami'ar. Har wa yau, tun daga 2005 jami'o'i suke yin tasu tantancewar bayan ta JAMB, wasu da jarrabawa, wasu da haɗa makin UTME da sakamakon sakandare.

Akwai kuma tsarin rabon gurabe a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilmi, irin su Jigawa da Zamfara da Yobe da Kebbi da Sakkwato, har da Ebonyi da Bayelsa. Wannan ya shafi 'yan kasuwarmu mazauna Agege ko Sabon Ibadan ko Fatakwal ƙwarai, domin jihar asali ake dubawa a wannan rabo, ba garin da ake zaune ba. Yaron da aka haifa a Legas amma takardarsa ta nuna ɗan asalin Katsina ne, idan ya nemi Jami'ar Legas ba ya cikin 'yan yankinta, alhali kuwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana ciki. Takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma kuwa ba a samun ta a rana ɗaya, musamman ga wanda ya daɗe rabonsa da gida. A neme ta tun yaro yana aji biyu.

Sai batun suna, wanda ake rainawa. Tun 2021 ba a rajistar UTME sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma daga can ake ɗauko suna da ranar haihuwa. Sunayenmu kuwa kowane magatakarda da yadda yake rubuta su: wannan ya sa Muhammad, wancan Mohammed, nan A'isha, can Aishatu, wani wuri a sa sunan uba, wani wuri sunan gari. Idan takardar WAEC ta saɓa da ta JAMB, gyaran yana cin kuɗi da makonni, wani lokaci har lokacin tantancewa ya wuce. Haka nan shekarun haihuwa: a 2025 gwamnati ta tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, saboda haka gaggawar tsallakar da yaro aji ba ta da riba.

Yanzu bari mu auna asarar da muka ambata a farko. Masana tattalin arziki suna cewa tsadar abu ba kuɗin da ka biya kaɗai ba ne, har da abin da ka rasa saboda shi. Sakamakon UTME shekara ɗaya yake aiki. Wanda bai sami gurbi ba sai ya sake zama baɗi. Rajistar 2025 ta tsaya a kan N7,200, ko N8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Amma jinkirin shekara ɗaya yana nufin yaron zai fara samun abin kansa a makare da shekara ɗaya, kuma ko da mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka tsayar a 2024 aka yi lissafi, wannan ya kama N840,000, ban da kuɗin darasin share fage da ci da sha. Watau kuskuren da ake yi a wajen cike takardar N7,200 yana iya jawo asarar da ta ninka ta fiye da sau 100. Wanda ya fahimci haka ba zai bar mai shagon kwamfuta ya zaɓar wa ɗansa jami'a da fanni ba, kuma ba zai raina hanyoyin ratse ba: shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, da JUPEB, da difloma ta ƙasa, da takardar NCE, dukansu suna iya kai yaro aji biyu na jami'a kai tsaye. Abin kiyayewa kawai shi ne kowane gurbi ya bi ta tsarin CAPS da JAMB ta fito da shi a 2017. Gurbin da aka samu ta bayan gida yana iya hana yaro zuwa yi wa ƙasa hidima bayan ya gama, ya kuma hana shi rancen da za mu yi bayani yanzu.

A bisa ƙa'ida jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa daga masu digirin farko, sai dai kuɗin rajista da na ɗakin kwana da sauran hidimomi, waɗanda da yawansu suka ɗaga ƙwarai a 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur. A wannan yanayi ne aka sa hannu a kan dokar rancen ɗalibai a watan Yuni na 2023. Dokar farko ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da masu tsayawa 2 da kuma cewa abin da iyali suke samu a shekara bai kai N500,000 ba. An sake ta a watan Afrilu na 2024 aka cire waɗannan, asusun NELFUND kuma ya fara karɓar masu nema a watan Mayu na wannan shekarar. Rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, wanda ya nema kuma an fara da ba shi N20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kai. Biya yana farawa shekara 2 bayan gama yi wa ƙasa hidima, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya biya kashi 10 na ribarsa.

Ɗan kasuwa zai gane darajar wannan fiye da kowa. Bashin da ba shi da ruwa, a lokacin da farashi yake hauhawa, yana raguwa da kansa. Alal misali, a ce an ranci N100,000 a shekarar farko ta karatu. Shekara 4 na karatu, da 1 ta hidimar ƙasa, da 2 na jira, sun zama 7. In aka ƙaddara farashi yana tashi da kashi 15 cikin 100 kowace shekara, to lokacin da za a fara biya wannan N100,000 ba za ta sayi abin da ya wuce na kimanin N38,000 na ranar da aka karɓa ba. A tuna kuma a watan Disamba na 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin 100. Saboda haka ƙaramin ɗan kasuwa mai 'ya'ya 3 ko 4 a makaranta, wanda zai taɓa uwar kuɗinsa domin biyan rajista, ya fi masa alheri ya bar jarin yana juyawa, yaran su nemi rancen.

Sai dai a ganina mai hali sosai ya kamata ya bar wa mabukata, domin ragin da mai rance yake samu jama'a ne suke biyansa ta hanyar haraji. Kuma wajibi ne a zaunar da yaro a gaya masa bashi ne a wuyansa, ba kyauta ba. An taɓa kafa hukumar rancen ɗalibai a ƙasar nan a 1972, rashin biya na cikin abin da ya durƙusar da ita.

Tallafin karatu na kyauta, wanda aka fi sani da sukolashif, ba a gina lissafi a kansa. Hukumomin tallafin karatu na jihohi suna biyan 'yan asalin jiharsu, amma adadin da lokacin biyan sun danganta da halin aljihun kowace jiha, kuma nan ma takardar shaidar asali ake fara tambaya. Asusun PTDF ya fi karkata ga fannonin da suka shafi man fetur da injiniya. Kamfanonin mai da na sadarwa kuwa galibi ɗaliban da suka riga suka shiga jami'a suke ɗauka, bayan sun duba sakamakonsu na shekarun farko, su kuma yi musu tasu jarrabawar. Don haka kuɗin rajistar farko, da na ɗaki, da na mota, da na littattafai, uba ne zai tanade su tun kafin sunan yaro ya fito, domin shi kansa rancen NELFUND ba a nemansa sai an sami gurbi, makaranta kuma ta aika da sunan ɗalibi ga asusun.