Maganin Kitsen Jini: Abin Yi Idan Ya Dami Jiki

Jama'a, akwai wani abu da ya zama ruwan dare a wajen masu zuwa asibiti. Mutum ya je saboda hawan jini ko ciwon suga, a ɗebi jininsa a auna, likita ya ce masa kitse ya yi yawa a jini, wato abin da suke kira kolestarol. A rubuta masa 'yar ƙwaya, ɗaya kullum. Ya sha mako uku ko huɗu, sai ya ji cinyoyinsa sun yi nauyi, in zai tashi daga sujada sai ya dafa ƙasa. Shi ke nan, ya yanke wa kansa hukunci cewa maganin bai karɓe shi ba, ya cusa shi ƙarƙashin katifa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ranar komawa asibiti a tambaye shi ko yana shan magani, kunya ta sa ya ce yana sha. Saboda irin wannan bawan Allah aka rubuta takardar nan.

Da farko ya kamata a san abin da ake sha. Duba jikin kwalin, za ka ga sunan ya ƙare da statin: atorvastatin, ko simvastatin, ko rosuvastatin. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Akira Endo, shi ya fara gano irinsu a jikin funfuna a shekarun 1970, kuma an fara sayar da na farkonsu a Amurka a 1987. Aikinsu a hanta yake, domin hanta ce ke yin mafi yawan kitsen da ke yawo a jini, abinci ƙari kawai yake yi. Shi ya sa masu cewa “ni da ba ni da ƙiba ina na ga kitse” suke kuskure. Ramamme ma yana samunsa.

Illar kitsen nan ita ce ba ya ciwo. Kamar lambatu ne da yake cika da yashi da leda duk tsawon rani, ba wanda ya kula, sai ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Haka yake taruwa a bangon hanyoyin jini shekara da shekaru, ranar da hanya ta toshe kuwa sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. To ka ga inda matsalar take: cutar ba a jin ta, maganin kuwa wani lokaci ana jin sa, sai mutum ya ɗauka maganin ne abokin gaba. Alhali tun 1994 wani bincike da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan masu ciwon zuciya 4,444 ya nuna simvastatin ya rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Ciwon tsoka shi ne babban abin da ake kuka da shi, kuma yana da kamanninsa. Yakan kama manyan tsokoki: cinya, da sha-raɓa, da damtse, da kafaɗa. Yakan kama dama da hagu tare, ba ɓangare ɗaya ba. Yakan fara ne cikin makonni ko watannin farko na shan maganin, ko bayan an ƙara ƙarfinsa. Ciwon gwiwa ɗaya da ka shekara biyar kana fama da shi ba nasa ba ne. Haka ciwon baya na mai wuni a kan babur, ko tsamin jiki na wanda ya kwana biyu yana huɗa, ko ciwon gaɓoɓi mai zuwa da zazzaɓin cizon sauro. Mu nan abubuwan da ke sa ciwon jiki sun fi a ƙirga, kuma yawancin masu shan maganin nan shekaru sun fara ja.

Akwai wani gwaji da aka yi a Landan, aka buga sakamakonsa a 2020, wanda ya kamata kowa ya ji. An samo mutum 60 waɗanda duk sun daina shan maganin saboda sun ce yana damunsu. Aka ba kowa kwalba goma sha biyu, ɗaya a wata. Huɗu da maganin gaske a ciki, huɗu da ƙwaya mai kama da shi amma babu magani a cikinta, huɗu kuma babu komai. Ba su san wace ƙwaya ce ta gaske ba, kullum kuma suna rubuta yadda suka ji a waya. Da aka tattara, sai aka ga kashi 90 cikin ɗari na wahalar da suka ji da maganin gaske, sun ji ta da ƙwayar banzar ma. Da aka nuna musu sakamakonsu, rabinsu suka koma shan magani. Kada a ce ƙarya suke yi. Ciwon sun ji shi da gaske, sai dai tsoro da zato su ma suna sa jiki ciwo. Wanda aka cika wa kunne a majalisa cewa ƙwayar nan tana tsotse ƙarfin mutum, tun kafin ya haɗiye ta jikinsa ya fara sauraro.

Duk da haka akwai waɗanda da gaske maganin ne ke damunsu, kuma ba a ce su daure su yi ta shan wahala ba. Abin da ake so shi ne ka koma wurin likita ka faɗa masa gaskiya: yaushe ciwon ya fara, ina yake kamawa, me da me kake sha. Yana iya sa a auna jini a ga ko tsoka ta taɓu. Yana iya cewa ka dakata na 'yan makonni a gani. In ciwon ya tafi, aka koma sha ya dawo, to an kama ɓarawo. In kuwa an daina ciwon yana nan, sai a nemi dalilinsa a wani wuri, kamar raunin halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod. Ko an tabbatar maganin ne, hanyoyi suna da yawa. A rage ƙarfinsa, ko a canja zuwa wani ɗan'uwansa, don wanda simvastatin ya dama sau da yawa rosuvastatin yakan zauna masa lafiya. Wasu ma akan ce su sha yau su tsallake gobe. Akwai kuma ezetimibe, wanda shi a hanji yake aiki, yana hana kitsen abinci shiga jini. Amma duk wannan lissafin likita ne, ba na mai kemis ɗin bakin layi ba.

Sai abin da ba ya jiran ranar komawa. In ciwon tsokar ya yi tsanani, ƙarfi ya ƙare har tashi daga kujera ya gagara, fitsari kuma ya yi duhu kamar baƙin shayi, a ajiye maganin a tafi asibiti a ranar. Alama ce tsoka tana narkewa, abin da take zubarwa a jini kuma yana iya lalata ƙoda. Haka kuma a ajiye shi a tafi asibiti in ido ya yi rawaya irin na shawara. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, bai kai mutum ɗaya cikin dubu ba, amma in ya zo ba a yi masa jiƙo.

Mafi yawan masu faɗawa wannan haɗari, haɗa magunguna ne ya kai su. Wasu magungunan suna hana hanta fitar da maganin kitse, sai ya taru a jini fiye da kima. Cikinsu akwai erythromycin da clarithromycin, waɗanda mutane ke saya kai tsaye don tari, da ketoconazole na sha, da wasu magungunan ƙanjamau. Ga wani kuma da ya shafi dubban mutanenmu: amlodipine na hawan jini. Mai shan sa bai kamata simvastatin ɗinsa ya wuce miligiram 20 a rana ba. Lemon garehul shi ma yana yin irin wannan aiki, amma lemon zaƙi ba ruwansa. Saboda haka ranar zuwa asibiti ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi da shi, har da na gargajiya, da na basir da aka saya a tasha, da wanda ake kira na ƙarin ƙarfi. Likita ba ya duba, sai abin da ka nuna masa. Kada kuma ka rufe ciwon da diclofenac ko ibuprofen kullum, don su kansu suna wahalar da ƙoda, suna kuma ta da hawan jini.

Sauran ƙorafe-ƙorafen, irin su ciwon kai, kumburin ciki, tashin zuciya ko canjin bahaya, yawanci sukan lafa da kansu in jiki ya saba, shan ƙwayar bayan cin abinci kuma yana taimakawa. Gaskiya ne maganin yana ɗan ɗaga suga a jini, musamman ga wanda da ma yana bakin kamuwa. Wannan dalili ne na a riƙa aunawa, a rage zaƙi da maiƙo, a riƙa taka ƙasa. Masu ciwon suga ma su ne kan gaba wajen buƙatar maganin, don su suka fi shiga haɗarin toshewar hanyoyin jini.

Game da lokacin sha, simvastatin da dare ake shan sa, domin da dare hanta ta fi yin kitse, shi kuma ba ya daɗewa a jiki. Atorvastatin da rosuvastatin suna jimawa, ko yaushe aka sha daidai ne, muddin an tsayar da lokaci ɗaya. In an manta yau, gobe ɗaya za a sha, ba a haɗa biyu. Azumi ba ya hana shi: a sha bayan buɗa-baki ko in za a kwanta, a kuma sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, balle in azumin ya faɗo a bazara. Mace mai shan sa kuwa, in ta samu ciki, ko tana neman samu, ko tana shayarwa, ta gaya wa likita tun da wuri, don yawanci akan dakatar da shi har sai ta yaye.