Rubutattun Waƙoƙin Hausa a Kundayen Ajami: Misali Daga Birnin Zazzau

1.0 Gabatarwa

Kafin zuwan injin ɗab'i, da hannu ake rubuta waƙa a ƙasar Hausa. Malami ya tsara ta da ajami, almajirai su kwafa, wasu su haddace su rera. Haka abin yake a wasu ƙasashe, domin a Ingila waƙoƙin John Donne sun daɗe suna yawo a rubutun hannu kafin a buga su a 1633, bayan rasuwarsa. Wannan darasi zai nuna dalilin da ya sa manazarci ba ya dogara da kwafi guda.

2.0 Inda Ake Samun Kundayen

A cikin ganuwar Zariya, unguwannin malamai irin su Kona da Juma sun daɗe da ajiye littattafai a gafaka. Zazzau ta yi marubuta waƙoƙi kamar Malam Shi'itu ɗan Abdurra'uf a ƙarni na 19, da Sarki Aliyu Ɗansidi (1903-1920), mai "Tabarƙoƙo" da "Waƙar Diga". A yau ana samun tsofaffin rubuce-rubuce a Jami'ar Ahmadu Bello, da Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970.

3.0 Matsalolin Nazari

(a) Warwatsewar takardu. Ba a ɗinke kundin ajami. Mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafi. Idan falle ya ɓace, baitoci sun tafi ke nan.

(b) Haruffa. Sau da yawa harafi ɗaya ke wakiltar b da ɓ, rufu'a kuma ta wakilci u da o. Saboda haka ana iya karanta "ɓata" a matsayin "bata", ko "koka" a matsayin "kuka".

(c) Hannun mai kwafi. Yakan tsallake baiti, ko ya sanya kalmar karin harshensa.

(d) Mawallafi da shekara. Mawaƙi yakan ambaci sunansa a baitocin ƙarshe, ya ba da shekarar Hijira ta hanyar ramzi. Sunan da ke bayan "tammat" kuwa galibi na mai kwafi ne.

4.0 Hanyar Tantancewa

A tara kwafi biyu ko fiye, a gwada su baiti da baiti. Inda suka saɓa, a auna da karin waƙar da amsa-amonta, sannan a saurari wanda ya haddace ta. Kada a gyara kalma don ba a fahimce ta ba, domin ta yiwu tsohuwar Hausa ce.

5.0 Kammalawa

Gara da damshi da gobara suna cinye waɗannan kundaye. Malamin da bai iya ajami ba kuwa, zai koyar da abin da wani ya juya zuwa boko, har da kurakuransa.

Jinga

1. Kawo kalmomi biyar da za su iya rikicewa a ajami.
2. Bayyana bambancin mawallafi da mai kwafi.