KETAMIN: MAGANIN DA BA YA BARIN HANNUN LIKITA

Maigida da uwargida, ku karanta wannan takarda da kyau, sa'an nan ku karanta wa maƙwabtanku waɗanda ba su iya karatu ba.

1. Mene ne ketamin?

Ketamin magani ne na sa barci, wanda likita yakan yi wa mutum allurarsa kafin a yi masa tiyata. Wani masani mai suna Calvin Stevens shi ya fara haɗa shi a Amurka cikin 1962. A 1970 hukumar ƙasar ta yarda a yi aiki da shi a asibitoci.

2. Amfaninsa wajen tiyata

Yawancin magungunan sa barci sukan rage numfashi, su kuma rage ƙarfin gudun jini. Ketamin bai cika yin haka ba. Saboda haka likita yana iya aiki da shi ko a ƙaramin asibitin da babu manyan na'urori. Da shi akan ceci macen da haihuwa ta gagara, da yaron da ya karye ko ya ƙone, da wanda ya zubar da jini a hatsarin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata asibiti ya rasa ba.

In za a yi wa naku tiyata, likita ya ce kada a ba shi abinci, to, kada ku ba shi ko da kunu a ɓoye, domin amai na iya shiga huhunsa. In kuwa yana farfaɗowa kuka ji yana sambatu, ko yana ganin abin da babu, kada ku ce iskoki ne. Aikin maganin ne, zai wuce. Ku dai rage hayaniya kusa da shi.

3. Ciwon damuwa

Akwai wata cuta da ake kira ciwon damuwa. Mai ita yakan shafe mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki. Ba ya barci sosai, abinci ba ya yi masa daɗi, gona da kasuwa da hira duk sun fita ransa. Wani har yakan ce gara ya mutu. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Cuta ce, tana da magani.

Likita yakan fara da shawara da ƙwayoyi, amma ƙwayoyin sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, wasu mutane kuwa ba sa yi musu aiki. A shekarar 2000 likitocin Jami'ar Yale a Amurka suka ba da labari cewa ɗan kaɗan na ketamin, in an sa shi ta jijiya, yana sauƙaƙa damuwa cikin sa'o'i. Sai dai sauƙin yakan gushe bayan 'yan kwanaki, sai an maimaita. A 2019 Amurka ta yarda da wani irinsa da ake fesawa a hanci, mai suna esketamin, domin waɗanda wasu magungunan suka kasa. A asibiti ake ba da shi, a kuma tsare mutum sa'a biyu ana duba shi.

4. Haɗarinsa

Ketamin yana sa jini ya hau, yana kawo jiri da ruɗewa. Wanda ya mai da shi abin maye yakan saba da shi har ya kasa bari. Yana lalata mafitsara, mutum ya riƙa fitsari a kai a kai, da zafi, wani lokaci da jini. In an haɗa shi da giya ko ƙwayoyin barci, numfashi na iya tsayawa.

5. Abin da za ku yi

Kada ku sayi ketamin a kasuwa ko wurin mai yawo da allura.

In kun ga alamun damuwa ga wani a gidanku, ku kai shi asibiti. Likita ne zai zaɓi maganin da ya dace da shi.

In ya ambaci kashe kansa, kada ku yi masa faɗa, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Ku kawar da maganin ƙwari da igiya da makami daga inda zai kai hannu, ku tafi da shi asibiti a ranar, kada ku jira gobe.