Kusurwar Lissafi: Mu Binciki Lamba 6,113,503

Lambarmu ta wannan mako ita ce 6,113,503, wato yawan mutanen Jihar Kaduna a ƙidayar shekarar 2006. Mutanen Birnin Gwari ma suna cikinta. Ga yadda ake karanta ta: miliyan shida da dubu ɗari da sha uku da ɗari biyar da uku.

Da yawa daga cikinmu da zarar mun ga doguwar lamba a jarrabawa sai mu tsallake tambayar, mu yi asarar maki. Alhali kuwa ana iya gane halinta ba tare da dogon rabawa ba.

Da farko a dubi alƙalamin ƙarshe. Shi ne 3, don haka lambar mara ce, ba cika ba, 2 ba ta raba ta. Haka 5 da 10, domin ba ta ƙare da 0 ko 5 ba.

Na biyu, a tara alƙalumanta: 6+1+1+3+5+0+3 = 19. Tunda 3 ba ta raba 19, to ba za ta raba babbar lambar ba. Haka ma 9.

Na uku, shin sukwaya ce, irin su 49 da ake samu daga 7×7? A'a. Sukwaya ba ta taɓa ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8.

A nan wani zai ce ai firam ce, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Kada a yi gaggawa, akwai gwajin 11. A riƙa ɗaukar alƙalami ɗaya ana tsallake ɗaya: 6+1+5+3 = 15. Waɗanda aka tsallake kuma: 1+3+0 = 4. A cire 4 daga 15, saura 11. Idan abin da ya rage 0 ne ko kuma 11 tana raba shi, to 11 tana raba lambar. Ga shaida: 11 × 555,773 = 6,113,503. Ashe ba firam ba ce.

Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 23. Da za a raba mutanen daidai wa daida, kowace za ta samu 265,804, a bar mutum 11. Ke nan 23 ba ta raba ta.

Aikin gida: ƙidayar 2006 ta ce mutanen Nijeriya 140,431,790 ne. Cika ce ko mara? Wanne ne yake raba ta cikin 3, 5, 10 da 11? A rubuta amsa tare da aikin da aka yi, a miƙa wa 'yan ƙungiyar jarida kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a bango. Allah ya ba mu sa'a.