Kulorin a Tankin Ruwan Gida: Yadda Za a Kiyaye Ma'auninsa

A Katako da sauran unguwannin cikin garin Jos, magidanta da yawa suna tara ruwa a tanki ko duro, wasu daga famfo, wasu daga rijiya, wasu kuma daga hannun 'yan ga-ruwa. Ruwa yana iya zama garau a ido amma yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara, watau amai da gudawa. A shekarar 2021 kaɗai wannan annoba ta hallaka mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Filato kuwa ba ta tsira ba.

Maganin da ake kira kulorin shi ne yake kashe ƙwayoyin nan. Amma abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, kulorin ƙarewa yake yi. Dauɗar da ke cikin ruwa tana cinye wani kashi, hasken rana yana lalata wani. Saboda haka abin dubawa shi ne wanda ya rage bayan an zuba, domin shi ne mai gadin ruwan har a sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce lalle a sami rabin miligiram a kowace lita bayan minti 30, kada kuma ya gaza miligiram 0.2 sa'ad da za a sha.

Ga yadda za a yi. Idan ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta tukuna, a tace da tsabtataccen ƙyalle. Sa'an nan a nemi bilicin wanki marar turare, wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin 100 a jikin kwalbarsa. Tanki mai cin lita 1,000 yana bukatar mililita 60, watau babban cokali huɗu. A motsa sosai, a rufe, a dakata rabin sa'a. Idan aka ji ɗan warin maganin, ya kama. Idan babu ko kaɗan, a sake zuba wani. Hanci dai ba ma'auni ba ne. Wanda ya sami ƙwayar gwaji ta DPD ya fi dacewa: tana mai da ruwa ruwan hoda, a gwada launin da katin da ke tare da ita. Haka masu kula da wuraren ninkaya na otal suke yi kullum, sai dai su ba a son nasu ya gaza miligiram ɗaya a lita.

Zuba kulorin cikin rijiya ba ya daɗewa, musamman da damina, gama sabon ruwa yana ta tsattsafowa, wani lokaci ma daga wajen masai. Gara a sa wa ruwan magani bayan an ɗebo shi, kuma duk ran da aka ƙara ruwa a tanki a sake awo.

Kada a kuskura a haɗa bilici da ruwan batir ko maganin wanke masai, domin hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu. A ajiye kwalbar a inuwa, inda hannun yara ba ya kaiwa.