Sassaƙar Baka da Keɓaɓɓun Kalmominta

1.0 Gabatarwa

Baka makami ne mai tarihi a ƙasar Hausa. Da shi mayaƙan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka rinjayi dawakin Gobir a Tabkin Kwatto a 1804. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, masu iyaka da dazuzzukan Zamfara da Kaduna, maharba ne suka riƙe sana'ar yin sa. Wannan darasi zai bayyana yadda ake fitar da baka daga gajeren itace, da kalmomin da ke tattare da aikin.

2.0 Matakan Aiki

Gajeren baka ya fi daɗin sarrafawa a cikin sarƙaƙiya, amma ya fi saurin karyewa, domin lanƙwasawar da dogon itace ke rabawa a tsawonsa, a wuri kaɗan take taruwa. Saboda haka maharbi kan kiyaye waɗannan matakai:

(a) Ya zaɓi miƙaƙƙen reshen dargaza ko gora wanda ba shi da ƙulli.
(b) Ya shanya shi a inuwa, don rana na tsaga ɗanyen itace.
(c) Ya gasa inda ya karkace, ya miƙar da shi.
(d) Ya kankare cikin bakan kaɗan-kaɗan, yana tanƙwarawa yana dubawa. Ba a sassaƙe bayansa, domin daga nan karaya ke farawa.
(e) Ya shafa man kaɗanya, sannan ya ɗaura tsarkiya ta murɗaɗɗiyar fata.

3.0 Kalmomi

Ɗalibi ya lura da kyauro, wato karan da ake yin kibiya da shi. Kwari, gidan kibau. Ƙwanƙwani, tsiron da ake haɗa dafi da shi. Da Sarkin Baka, shugaban maharba. Wasu kan ce tsirkiya maimakon tsarkiya. Haka kuma "baka" ta harbi tana da karin sauti ƙasa-sama da dogon wasalin ƙarshe, ta "adabin baka" kuwa sama-ƙasa da gajeren wasali.

4.0 Kammalawa

Bindiga ta ture baka, rashin tsaro kuma ya sa shiga daji neman itace ya zama kasada. Idan aka daina sana'a, kalmominta kan bi ta. Nauyin taskace su yana wuyan malamin Hausa.

5.0 Aiki

Ziyarci dattijon maharbi a garinku, ka tattaro kalmomi 10 na sana'ar, ka nuna karin sautin kowace.