Idan Na'urori Suka Riƙe Ƙofofin Ruwa, Wa Zai Raba Gardama?

Malam Bello daga Tursa ya rubuto cewa ɗansa mai karatun kwamfuta ya ba shi labarin ƙasashen da na'urori ke buɗe ƙofofin ban-ruwa, kowace tana yanke shawarar kanta. Ya ce tun ambaliyar 2010, da aka saki ruwan dam ɗin Goronyo, gabansa kan faɗi duk lokacin da aka ambaci ƙofar ruwa. Yana tambaya: idan na'urorin suka saɓa wa juna, wa zai raba gardama?

Malam Bello, Allah ya saka da alheri. Wanda ya ga ruwa ya ci gona ya shiga ɗaki yana da hujjar yin wannan tambaya. Amma ka kwantar da hankalinka, ikon da ake ba irin waɗannan na'urori yana da iyaka, kuma mutum ne ke shata ta.

Ɗanka gaskiya ya faɗa. A jihar Victoria ta Ostareliya, kamfanin Rubicon Water ya kafa ƙofofi masu aiki da hasken rana. Kowace tana auna zurfin ruwan da ke gabanta, ta aika saƙo ta rediyo, ta ɗaga ko ta sauke kanta.

Wahalar tana cikin haɗuwarsu. Ka san yadda take a fadamun Wurno: na kan hanyar ruwa ya shayar da albasarsa har ta ƙoshi, bai yi laifi ba a ganinsa, na ƙarshe kuwa tafarnuwarsa tana bushewa. Haka ƙofar sama za ta iya rufewa don ta cika nata ma'aunin, ta ƙasa ta ga ruwa ya ja ta buɗe sosai, ta saman ta ƙara matsewa. Kowace ta bi ƙa'idarta daidai, amma gona ta sha wuya. Yawan ƙofofin na ƙaruwa, hanyoyin saɓani na ninkuwa.

An ga irin wannan a kasuwar hannun jarin Amurka ranar 6 ga Mayu, 2010. Manhajojin ciniki suka yi ta saye da sayarwa a tsakaninsu, farashi ya rikito cikin 'yan mintuna kafin ya farfaɗo.

Shi ya sa nake ganin ƙaramar shawara, irin ƙara ruwa kaɗan a magudana, a bar wa na'ura, don ba ta barci kuma ba ta da ɗan uwa. Sakin ruwan dam irin na Goronyo mai ɗaukar kubik mita miliyan 942 kuwa, lallai ya zauna a hannun mutumin da aka san sunansa.

Idan wata rana aka kawo muku wannan tsari, ku je a ƙungiyance wurin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ku tambayi wa ke da ikon dakatar da na'urorin, da abin da ƙofa za ta yi idan saƙo ya yanke. Ku kuma nemi a rubuta awa nawa za a ba ƙauyukan Goronyo, Wurno da Rabah kafin a saki ruwa.